Sunan da Inna Rabi Ba Ta Faɗa

Da aka ba da hutun lakwal, wato makarantar boko, Alkasum ya rufe shagon ɗinkinsa na Sabon Gari a Damagaram, ya ɗauki matarsa Zuliha da ɗansu suka nufi Zermu, garin da aka haife shi. Yaron ya kusa shekara tara, bai taɓa kwana a ƙauye ba. Duk shekara Alkasum na samo dalilin barinsa, bana kuwa mahaifiyarsa, Inna Rabi, ta aiko cewa ƙafarta ba ta ƙara hawa mota, kuma tana son ta ga jikanta da idonta kafin idon ya gama tafiya.

Sunan mahaifin Alkasum aka sa wa yaron, Mahamud. A gidansu babu mai kama wannan suna. Tun ranar suna dangi suke ce masa Abba, Inna Rabi kuwa Maigida take ce masa, domin tun da aka kai ta ɗakin marigayin tana yarinya ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. To amma yaron ba kamar sauran yara yake ba. Maganarsa kaɗan ce, ba ya son hayaniya, ba ya son a taɓa shi ba shiri. Likitar da ke duba shi ta ce su tsaya kan suna ɗaya. Suka gwada Abba har suka gaji, bai taɓa juyowa ba. Sunan da malamarsa ke kiransa da shi a aji, shi kaɗai ya riƙe. Haka Alkasum ya wayi gari yana kiran sunan ubansa safe da yamma a cikin gidansa, bai kuwa bari labarin ya kai Zermu ba.

Da suka isa, gero ya fara kai, gari ya yi kore. Matan gida suka fito tarye, wata gwaggo ta rangaɗa guɗa don murnar mai sunan maigida ya zo. Yaron ya toshe kunnuwansa, ya zare hannunsa, ya shige ƙarƙashin rumbu ya kwanta. Aka yi ta Abba, Abba, ko motsi. Hadari na haɗuwa ta gabas. Alkasum ya dubi yayansa Gambo, ya dubi uwarsa da ke zaune kan tabarma, sannan ya durƙusa bakin rumbun.

"Mahamud, fito. An daina."

Yaron ya fito. Gidan ya yi tsit. Gambo ya ja Alkasum gefe ya ce masa dai zaman birni ya koya masa abin da ba a koya masa a nan ba. Alkasum bai yi musu ba. Inna Rabi ta sa a kawo musu fura.

Kwanakin da suka biyo baya sun tafi lafiya. Zuliha ta roƙi mata su daina rufar yaron, suka daina. Ya sami wurinsa a gindin dalbejiya, yana jera ƙwallon dabino a ƙasa, layi bayan layi. Inna Rabi takan ja tabarmarta kusa, ta yi masa wasan kaka da jika. Ta ce Maigida ya zo hannu sake ko sabulu babu, ta ce miji marowaci za ta kai shi ƙara. Yaron bai ɗaga kai ba. Tun tana yi da dariya har muryarta ta fara sanyi.

Wata safiya ta tambayi Alkasum ko yaron ya tsane ta ne, ko kuwa an ce masa ita mayya ce. Alkasum na ganin in ya faɗa mata gaskiya, kamar ya ce ne ta zubar da kunyar da ta riƙe tsawon rayuwarta. In kuma ya yi shiru, za su koma birni ta zauna da zaton jikanta ya ƙi ta. Ya auna biyun bai ga mai sauƙi ba, sai ya ga zaɓin ma ba nasa ba ne.

"Inna, bai tsane ki ba. Bai san da shi kike ba. Suna ɗaya kawai ya sani."

"Wannan ɗin?"

"Shi."

Ta ce to, ta ji. Ta ɗauki carbinta.

Ana gobe za su tafi, da hantsi, mutanen gida duk suna gona. Inna Rabi ta aiki Zuliha maƙwabta aron turmi, ga nasu a jingine. Ta ce wa Alkasum ya je ya duba mata akuya a bayan gida. Ya fita, amma ya tsaya bayan zana yana gyara igiyar da babu abin da ya same ta.

Ya ji ta yi gyaran murya. Sannan a hankali, kamar mai ɗaukar garwashi da yatsa, ta faɗi sunan.

Ta tsakanin zana ya ga yaron ya ɗaga kai ya dubi inda muryar ta fito. Ya tattara ƙwallayensa a gaban riga, ya tako har bakin tabarmarta, ya zauna ya soma sabon layi a gefen ƙafarta. Ba ta kai masa hannu ba. Ta ja ƙafar kaɗan don layin ya sami hanya.

Alkasum ya wuce wurin akuyar, ya daɗe can. Da ya dawo Inna Rabi ta ce masa, ba tare da ta dube shi ba, ya gaya wa mai mota kada ya zo gobe.