Gidan Zanzaro a Cikin Saba

Saƙon imel ya daina shigowa ofishin ƙungiyar manoman wake da ke Bukkuyum, daidai lokacin da 'yan kasuwar Kudu suka saba aiko da tambayar kaya. Sahura, sakatariyar ƙungiyar, ta ɗauka matsalar sabis ce. Ta sake kunna komai, ta duba batirin sola, shiru. Sai ta kira yayanta Maharazu a Gummi, wanda ya haɗa musu sabar da hannunsa tun kafin ya yi aure. Wata tsohuwar kwamfuta ce a ƙarƙashin teburi, ita ke karɓar saƙonninsu tana ajiyewa.

Ranar kasuwa ya iso da hantsi. Ya durƙusa, ya kwance murfin, ya leƙa ciki.

"Mi ka gani, Yaya?"

"Zo ki gani da idonki."

Zanzaro ne ya gina ɗakinsa na laka a jikin fankar, ya liƙe ta. Da iska ta daina shiga, zafi ya dafa kayan ciki.

Maharazu bai yarda ta mutu ba. Ya ɓamɓare lakar, ya hure, ya canza waya, ya ciro ƙwaƙwalwar kwamfutar ya goge da gefen rigarsa. Duk sanda ya danna maɓallin kunnawa, sai fitilar ta ƙyafta ta mutu. Sahura ta kawo masa fura, ta zauna tana kallonsa har aka kira azahar.

Da suka idar da salla ta ce, "Yaya, wagga aba ta yi muna ƙoƙari. Ka bar ta ta huta."

"Ke ba ki san yadda munka sha wuya da ita ba."

"Na sani. Ni na riƙe maka fitila."

Ya yi dariya, ya goge gumi. Faifan da ke ajiye saƙonnin dai bai ƙone ba. Sahura ta miƙo ƙaramar kwamfutar da ƙungiya ta daina aiki da ita, suka kwashe tsofaffin saƙonni suka zuba mata, suka shiga mayar da ita sabuwar saba. Ita ke dannawa, shi yana faɗa mata daga kan tabarma.

Kafin la'asar saƙonnin da suka maƙale suka fara sauka. Na farko daga wata mata ce a Ibadan, tana tambaya ko farin waken bana ya bushe. Sahura ta gyara zama ta fara rubuta mata amsa.