Allurar Ƙafar Mai Agogo

Maganar da ta cika layinmu ita ce wai hankalin Mai Agogo ya dawo, kuma wai ƙwayar da surukarsa take sayarwa ce ta dawo da shi. Mai wanki ne ya fara faɗa mini, matar direba ta ƙara gishiri, mai kawo mana gas ya rantse da idonsa ya gani. Ni kuwa a ɗakin ba da magani na asibiti na yi furfura. Kwalabe masu hoton ƙwaƙwalwa da walƙiya sun sha zuwa su wuce a gabana, ban taɓa ganin wadda ta mayar wa mutum da abin da ya manta ba. Da ba don Yaya ba, da na bar su da zancensu.

Yaya ce ta goye ni. Yanzu takan tsaya a tsakiyar falo da cokali a hannu, tana duban sa kamar yau ta fara ganin irinsa. Ta daina dariya, abu kaɗan sai hawaye. Tun da aka tsinto ta a bakin titi da takalmi ƙafa ɗaya, ɗanta, wanda take zaune a gidansa, ya yanke shawarar sa wa ƙofar ɗakinta sakata ta waje.

"Inna, tsufa ne, sai haƙuri," ya ce da ni. "Ko dai mu gwada ƙwayar nan, ko kafinta ya zo."

"Ka ce wa kafintanka ya dakata. Bari in ga Mai Agogon da idona."

Na ɗauki agogon marigayi maigidana, wanda ya daɗe da tsayawa, na nufi kan kwana. Rabona da Mai Agogo tun bara, lokacin da na gaishe shi ya bi ni da ido bai amsa ba, sukudireba a hannunsa ya riƙe ta ta baki. Bayan nan aka rufe shagon.

Na tarar da shi a buɗe. Yana zaune bayan teburinsa mai gilashi, ya maƙala madubin aiki a ido ɗaya.

"A'a, Likita ce da kanta? An zo bincike ke nan."

"Gyara na kawo, Malam. Kuma na sha gaya maka ni ba likita ba ce."

"Duk wanda ya iya karanta rubutun likita ai ya fi likita."

Ya buɗe bayan agogon da 'yar wuƙarsa. Na tsaya ina kallo, na manta da abin da ya kawo ni. Da hantsaki ya ɗauko wani sukuru da ni ban ma gan shi ba sai da haske ya doke shi, ya ajiye a kan farin ƙyalle. Ya zare wata waya mai siririn gashi, ya hura mata iska, ya ɗiga mai da bakin allura. Hannun nan da na gani bara yana karkarwa ko motsin banza bai yi ba. Yana aiki yana ba ni labarin ranar da maigidana ya sayi agogon, da yadda suka yi ta ciniki har rana ta karkata. Can sai ƙaramar ƙafar nan ta cikin agogon ta soma lilo. Na zo ne in kama ƙarya, sai ga mutum ya dawo ɗungurungum.

"Nuna mini kwalbar," na ce.

Ya miƙo ta da alfahari. Na ari madubinsa na karanta ƙananan rubutun: man kifi, da garin wani ganye. Ba guba ba ce. Wanda ba ya samun kifi zai iya amfana da ita. Amma na san man kifi bai isa ya yi abin da na gani ba.

Ina juya kwalbar sai ga matarsa da jaka a kafaɗa.

"Malam, rufe mu tafi. Yau ranar allurar ƙafarka ce."

"Wace allura?" na tambaye ta.

"Ta ƙafa ce kawai, Hajiya, ba ruwanta da kai. Da cewa yake kamar a kan auduga yake tafiya, yatsunsa kuma kamar ya sa safa. Muka kai shi asibiti, suka ɗebi jini, suka rubuta allura. A satin ne surukarmu ta kawo masa ƙwayar ƙwaƙwalwa. Kowacce ta yi aikinta."

"Wane launi ce allurar?"

"Ja ce wur. Har na ce wa nas ɗin ko jini take ƙara masa."

Na nemi benci na zauna. Ƙananan kwalaben nan masu jan ruwa sun wuce ta hannuna ba adadi. Bitamin B12 ne. Na tambaye ta abin da yake ci kafin ciwon. Ta ce tun da haƙoransa suka zube ya bar nama, ƙwai kuma ƙarninsa yake ji, sai shayi da burodi safe da yamma. Na tambaya ko yana shan maganin suga. Ta ce ya fi shekara goma. Na san daɗewa ana shan maganin suga kan rage wannan bitamin a jiki, nama da ƙwai kuwa su ke kawo shi.

"Harshensa fa?"

"Kin gani a mafarki ne? Ja ya yi, sumul, ko barkono ba ya iya taɓawa."

Yaya ma tana shan maganin suga. Ita ma an hana ta nama da ƙwai, wai don hawan jini. Kuma ta daɗe tana cewa ƙasa ta yi mata laushi, muna ɗauka cikin ruɗewar ce.

Na dubi farin ƙyallen da ke kan teburin. Abin da jiki ke nema na wannan bitamin a yini bai kai ƙurar da Mai Agogo ya hure daga wayar nan ba. A kan wannan ɗan abu sunayen 'ya'yan mutum suke rataye, da hanyar gidansa, da sana'ar hannunsa, da barkwancinsa. Na karanta haka a littafi tun ina budurwa, na ci jarrabawa a kai. Ban taɓa jin nauyinsa ba sai a kan bencin nan.

Washegari muka kai Yaya asibiti. Likitar, yarinya ce sa'ar jikata, ta saurare ni har na gama.

"Mama, za mu duba. Amma kada ki sa rai da yawa. Cikin masu mantuwa, kaɗan ne nasu ke zama wannan."

"Na sani, 'yata. Ɗebi jinin."

Sakamako ya fito, aka fara allura. Makonnin farko ba mu ga komai ba, sai dai ta rage kuka. Ɗanta ya riƙa dubana ta gefen ido, ni kuma na riƙa dafa ƙwai da hanta ina niƙawa da cokali. Wata safiya na shiga ɗakinta da faranti, na same ta zaune bakin gado ta ninke bargonta. Ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa.

"Ke har kika tsufa ba ki iya ɗaura ɗankwali ba? Matso nan."

Na ajiye farantin, na durƙusa a gabanta. Ta kwance shi, ta karkaɗe, ta ɗaura mini, ta ja har sai da kunnuwana suka yi zafi. Ɗanta yana tsaye a bakin ƙofa, ya kasa shigowa.

Bitamin B12 ne ya yi ƙasa ƙwarai a jinin Yaya, kamar yadda ya yi a na Mai Agogo. Yanzu tana gane kowa, tana zuwa shagon kan kwana ita kaɗai ta dawo, ba a sa wa ƙofarta komai ba. Yatsun ƙafarta har yau a mace suke, likita ta ce mai yiwuwa haka za su zauna. Ƙwayar surukar Mai Agogo ba ta da B12 a ciki, kuma Yaya ba ta taɓa shan ta ba.