Ba Wanda Ya Mutu

Daga Runka har Safana, duk gidan da rabon gado ya gagara, Malam Nu'uman ake ɗaukowa a babur. Sudusi da sumuni a bakinsa suke kamar sunayen 'ya'yansa. Sai ga shi da furfurarsa an ce dole ya zauna jarrabawar malamai, har da lissafin boko, in ya faɗi kuma ya bar ajin addinin da ya riƙe shekara goma sha tara a firamare. Abin ya tsorata shi ƙwarai, ya dai ƙi nunawa.

Ramlat, 'yarsa da ke aji uku na sakandare, ita ke zaunar da shi a zaure bayan la'asar. Ran nan ta ba shi tarawa: biyu bisa uku, da ɗaya bisa shida sau biyu, da ɗaya bisa takwas. Malam ya yi murmushi, don ya ga sanannun fuskoki: 'ya'ya mata biyu, uwa da uba, da matar mamaci. Ya rubuta ɗaya, ya ajiye biro.

Ramlat ta sunkuyar da kai ta ce ashirin da bakwai bisa ashirin da huɗu ne. Malam ya gyara zama ya yi mata karatu, wai rabo ba ya wuce abin da aka bari, in ya wuce sai a yi auli, a ɗan rage wa kowane magaji har ya koma ɗaya cif. Wa ya taɓa raba gona fiye da gonar?

Ta bari ya kai aya, sannan ta ce a hankali, "Baba, ai nan ba wanda ya mutu."

Ya ji haushi. Kwana biyu bai nemi darasi ba, a na uku ya aika a kira ta.

Ranar jarrabawa a Safana, tambaya ta tara ta zo da irin wannan tarawa. Hannunsa har ya kama hanyar auli, ya tsayar da shi, ya bar lambar sama ta fi ta ƙasa, zuciyarsa na ƙaiƙayi.

Sakamako ya fito, ya haye da ratar maki ɗaya tak. Ya dawo gida ya tarar da zaure cike da masu barka. Bai zauna ba, ya leƙa cikin gida, a gaban kowa ya ce, "Ku ce wa Malama Ramlat ta fito, barkar tata ce."