Riga mai lamba bakwai

…kuma rigar ma ba ta da nauyi yanzu. A zamaninsa ta auduga ce, in ta sha ruwan saman garin Nanaimo sai ka ji kamar ka goya ɗan maraƙi. Wannan kuwa kamar ledar burodi. Lambar dai tana nan a baya, bakwai. Tasa ce. A'a, tasa ce a da.

Duncan Reddekopp yana tsaye a ɗakin sauya kaya, matan ƙungiyar zari-ruga sun jeru jikin bango, takalmansu na ƙwanƙwasa siminti. Al'adar ƙungiyar ce: tsohon kyaftin ya miƙa wa sabo riga, ya kira cikakken sunansa a gaban kowa, sannan a fita fili. Sabuwar kyaftin 'yarsa ce. Wannan ya sani sarai. Sunan ne… da safe yana bakinsa, har a mota ya yi ta maimaita shi.

Warin man zafi. Shi ne dai warin ranar da suka ci kofi a birnin Victoria, abokin wasansa Tevita mai ƙaton wuya yana naɗa masa filasta a kai, yana cewa wannan kunnen ko kare aka jefa wa sai ya shinshina ya wuce. Ga sunan Tevita ya zo. Har na alƙalin wasan ya zo, mai gashin baki. Me zai yi da sunan alƙali?

Ya yi shekaru yana cusa kai inda wasu ke janye ƙafa. Ka faɗi, a matsa maka soso mai sanyi a ƙeya, a tambaye ka wane gari ake, ka faɗi wani abu, ka koma. Ba wanda ya tilasta shi. Kyaftin ba ya fita, haka aka koya musu. Likita ta nuna masa hoton ƙwaƙwalwarsa, ta ce mantuwar ƙaruwa za ta yi ta yi… yaushe ne ma? Matarsa Moira kaɗai ta sani. Sun shirya kada yarinyar ta ji sai an gama wasannin bana.

Sunan kakarta aka sa mata. Kakarta mai busar da kifi a bayan gida — ita kuma wa take da suna?

Ga 'yar tasa ta matso. Ta naɗe kunnuwanta da filasta a karkace, irin naɗinsa.

"Baba, sakar min rigar mana. Ko kai za ka buga?"

Ana dariya. Yana dariya shi ma. Ya laluba sunan, bai zo ba.

"Kyaftin," ya ce. "Kyaftin Reddekopp."

Tafi ya cika ɗakin. Ya isa kenan? Ta kama rigar, amma ba ta ja ba. Kallonsa take yi… ya san kallon nan. Shi ne wanda yake yi wa ɗan wasan da ya sha karo, kafin ya tambaye shi wane gari ake.