Gidan da Rana Ba Ta Leƙawa

Shekara shida ke nan da Si Munsif ya kori Belgasim daga otal ɗinsa na Tunis a gaban baƙi. Yau, farkon Disamba, ga Si Munsif a garin Tozar na hamada yana neman hayar gida ta wata huɗu, bai ma gane Belgasim ne dillalin ba.

"Kai, nemo min gida mafi sanyi. Ba na son zafin hamadarku."

"An gama, Sidi, ranka ya daɗe," in ji Belgasim.

Ya kai shi gidan bazara mai kallon arewa, inda ko akuya ba a kwanarwa a wannan lokaci na hunturu.

Bayan sati guda Munsif ya dawo yana rawar ɗari, wai a sauya masa gida.

Belgasim na shan hantsi, ya kurɓi shayinsa. "Duk an kama, Sidi. Saura wata uku da sati uku."