Alƙalamin Wuta na Isaka Maƙeri

A shekarar da yaƙin Turawa ya tsananta, bayan an gama ɗaurin gero, aka kwashi mazan Karofane zuwa aikin tilas na hanyar mota tsakanin Buza da Madawa. Aka ce kowa ya zo da abin aikinsa, ko kalme na noma, ko gatari, ko magirbi. Isaka ɗan Gado, maƙerin garin, yana cikinsu. Shi ba a sa shi fasa dutse ba. An zaunar da shi gindin wata bagaruwa da zuga-zuginsa, yana miƙar da abin da dutse ya lanƙwasa.

Kullum in an tashi aiki, gardi Hamidu, mai tsaron ma'aikata, yakan sa a tara kayan wuri ɗaya. Da safe sai wawaso. Mai ƙarfi ya ɗauki mai kyau, marar ƙarfi ya tashi da guntu, ga mutanen wasu garuruwa an haɗa su da su. Ba a kwana biyu ba a fasa wa wani baki ba.

Wata rana tsoho Maiguwa ya zo gindin bagaruwa riƙe da kalmensa.

"Ɗan Gado, kalmen ga ubanka yaƙ ƙera min shi. Jiya da ƙyar na amshe shi hannun wani. Sa min shaida bisa ƙarfen, ƙota ana canza ta."

"Baba, in na buga mai kurfi da sanyi, tsagewa za shi yi. In na sa shi wuta, taurin ya tahi."

Jima, mai tuƙa kamyo, babbar motar da ke kawo duwatsu, yana zaune yana jin su. Tsohon soja ne, mutumin Garhanga. Ya ce a garejin soja ya taɓa ganin wani alƙalami da ke rubutu a kan ƙarfe da wutar batir, ba guduma, ba gawayi. Da suka ƙi yarda, ya ja su wurin kamyo, ya ɗaura waya ɗaya a jikin wata tsohuwar ƙusa, ya dangwala mata ɗayar. Wuta ta yi tartsatsi, ta bar baƙin ɗigo. Isaka ya goga da yatsa, ya goga da yashi, ɗigon bai fita ba.

Kwana tara ya yi yana fama. Na farko da ya haɗa manne wa ƙarfe ya yi, waya ta yi ja, ta ƙone masa tafin hannu. Jima ya tuna cewa na garejin yana rawa a hannu kamar zanzaro, kuma akwai waya a naɗe cikinsa. Ya ciro masa jar waya daga wani mataccen hon na mota. Isaka ya naɗe ta a jikin ƙusa, ya ƙera ɗan siririn ƙarfe mai tsalle da tsini a baki, ya cusa su cikin ƙahon akuya don kada su sake ƙona shi. Ranar ta tara, da ya ɗora tsinin a kan kalmen Maiguwa, abin ya kama kuka, yana taɓawa yana saki, ya bar layi siriri. Ya zana masa sawun hankaka, irin shaidar da ke kunnen awakinsa.

Kafin mako ya zagayo, duk mutanen Karofane sun kawo nasu. Da tsakar rana, lokacin hutu, sukan yi layi bayan kamyo. Faɗan safe ya mutu. Har mutanen wasu garuruwa suka fara zuwa suna kiransa mai alƙalamin wuta, shi kuwa yana jin daɗin sunan.

Baturen da ke duba aikin ya zo ran Laraba a kan doki, ya ga layin. Ya karɓi ƙahon, ya jujjuya shi, ya yi dariya, ya dafa kafaɗar Isaka. Sannan ya zana haruffa biyu a takarda ya miƙa wa gardi Hamidu.

"Ya ce ka kyauta," in ji Hamidu. "Ya ce ka sa wanga zane bisa kowane ƙarfe da ke wurin ga."

"Mi yake nufi?"

"Shaidar hanyar ga ce, don kada kayanku su garwaye da na masu aikin Madawa."

Isaka bai iya karatun boko ba. Ya dubi Jima, Jima ya dubi tayar kamyonsa. Kwana uku Isaka yana zana haruffan nan, yana kula su fito da kyau, kusa da sawun hankaka da sauran shaidun da ya yi wa mutane da hannunsa.

Da zafi ya shigo aka sallami mutanen Karofane. Suka nufi tarin kaya, sai suka tarar da gardawa huɗu tsaye a gabansa. Hamidu ya ɗaga wani gatari ya nuna haruffan.

"Duk abin da ke ɗauke da wanga, na gwamnati na. Wanda anka gani da shi ɓarawo na."

Mutanen Karofane suka juyo suka dubi Isaka, kowa da kowa, sannan suka kama hanya hannu banza, ga damina saura wata biyu.

Shi ba a sallame shi ba, don an kawo sababbin mutane da nasu kayan. Ya ce ba zai ƙara zana haruffan ba. Aka yi masa bulala, bai yi ba. Da rana ta yi tsaka sai ya ji kukan alƙalamin daga bayan kamyo. Hamidu ne zaune a kan dutse yana zana haruffan da kansa, a karkace, Jima na riƙe masa waya. Washegari suka kore shi, suka riƙe ƙahon.

Kafin ya tafi ya tsaya wurin Jima.

"Ka san abin da takardar nan ta ce."

"Na sani, maƙeri."

"Kuma ka yi shiru."

"In da na faɗa, da wani za shi tuƙa kamyon, kuma da an zana su duk da haka."

Bai daɗe da komawa gida ba aka kama Maiguwa. Tsohon ya ɓoye kalmensa cikin tabarma ya fito da shi. Aka gan shi da shi yana sharar gona, aka kai ƙara, gardawa suka zo suka duba ƙarfen. Ya nuna musu sawun hankaka, suka nuna masa haruffa. Aka tafi da shi Madawa ɗaure a bayan doki, bai cika wata guda a gidan kaso ba ya rasu.

A shekarar nan ƙarfe ya yi wuya, kasuwa babu ko tsinke. Isaka ya hau tudu ya haƙo tama, ya narka ta shi da ƙannensa, ya ƙera kalmuna yana bi gida-gida yana ajiyewa. Wasu suka ɗauka. Wasu sun riga sun yi shuka da itace mai tsini, ciyawa ta cinye rabin gonar kafin nasu ya iso.

Na Tabawa, matar marigayi Maiguwa, shi ya fara ƙerawa, amma shi ya kai daga ƙarshe. Ta karɓa a bakin zaure, ta juya ƙarfen ciki da baya a hankali tana dubawa.

"Babu komi bisa shi, inna," in ji Isaka.

"Na gani."

Ta jingine shi da danga ta koma ciki. Ya daɗe tsaye a rana, ba ta sake fitowa ba. Da ya wuce ta ƙofar bayan sallar Juma'a, kalmen yana nan inda ta bar shi, kaji na kiwo a gindinsa.