Jirgin Ruwan Kafinta

Ɗan yayata kafinta ne, kuma hannunsa na da kyau, ba zan hana shi wannan ba. Hankalin ne da saura. Ranar da ya sayo wata tsohuwar mota irin wadda ake kwana a ciki, mai gado da wurin girki da ɗan banɗaki, har albarka na sa masa, don na san dalili. Uwarsa ta daɗe da ciwon ƙugu, ba ta iya zaman mota, ga babbar yayarmu kwance a wani gari mai nisa, kullum aike take yi a kawo mata ƙanwarta ta gani. Mota mai gado kuwa ta raba gardama: a kwantar da tsohuwa, a kama hanya.

Abin da motar ke bukata bai wuce taya da batir da sabuwar katifa ba. Sai yaron ya ga hoton jirgin ruwa a waya. Mutumin da ko kwalekwale bai taɓa shiga ba!

Ya ja motar bayan shagonsa ya hau ta da aiki, wai zai mai da ita jirgi. Ya cire tagogi, ya sa ƙanana masu zagaye kamar murfin tukunya. Ya lulluɓe ciki da katako mai sheƙi, ya kewaye rufin da igiya, ya rataya ƙararrawa, sitiyarin ma sai da ya yi masa hannaye. Maƙwabta suka sa masa Kyaftin don tsiya, shi kuwa ya je ya sayo farar hula.

Na same shi yana goge wata ƙugiyar ƙarfe da mai walda ya ƙera masa.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Anka ke nan, Kawu. Da shi ake tsayar da jirgi."

"Birkin motar ya mutu ne?"

"Kawu, ado ne. Ba za ka gane ba."

"Na gane uwarka na jira."

Ya ce saura kaɗan. Damina ta shigo ta fita, saura kaɗan ɗin na nan.

Wata safiya aka bugo waya, babbar yaya ta daina karɓar abinci. Yayata ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi a ɗauko mata mayafi. Kyaftin ya kawo jirginsa ƙofar gida yana kaɗa ƙararrawa, unguwa ta fito kallo. Ni da matarsa muka riƙo tsohuwa har gindin mota, a nan muka tsaya cak.

Ƙofar nan mai faɗi da motar ta zo da ita, ya toshe ta da katako, ya bar wata 'yar siririya mai kan baka, ya ɗaga dokin ƙofar har gwiwa.

Na ce, "Wannan katangar ta mece ce?"

"Haka ake yi wa jirgi, don kada ruwa ya shiga."

"Wane ruwan? Na kwata?"

Muka gwada ɗaga tsohuwa. Ƙafa ɗaya ta tsallaka, ƙugun ya ƙi, ta saki ƙara har matarsa ta fashe da kuka. Na leƙa ciki, sai ga sauran aikin: gadon ya koma can sama dab da rufi, da tsani na igiya yana lilo. Ƙasansa duk aljihunan katako ne masu hannun tagulla.

Yayata ta zauna a kujerar da aka kawo mata tana haki. Ta dubi ɗanta, ta ce, "Kai, ina zartonka?"

"Inna, bari mu ga ko ta taga..."

"Ta taga za ka zura ni? Buhu ce ni? Ɗauko zarto."

A gaban 'yan kallon nan ya yanke ƙofar da hannunsa, yana yi yana hura ƙurar katako kamar mai yi wa ɗa kaciya. Ni na karɓi guduma na fasa aljihunan, kuma ban ji ciwon ko ɗaya ba. Muka shimfiɗa katifa a ƙasa, matarsa ta rataya zanen gado a inda ƙofa take. Kafin mu tashi rana ta take tsaka, tagogin nan kuwa ba mai buɗuwa, muka yi tafiyar muna fifita da kwali.

Mun tarar da babbar yaya da rai, amma baki ya riga ya rufe. Aka kwantar da ƙanwarta kusa da ita. Babbar yaya ta laluba ta kamo hannunta, ta riƙe gam, leɓenta na motsi, ba wanda ya ji abin da take son faɗa. Yayata ta yi ta cewa, "Ga ni, Yaya, na zo."

Na fito in sha iska, na iske gogan naka a waje da farar hularsa, yana nuna wa mutanen gidan yadda ake sauke anka.